Rawayar Sanƙo

Litinin, da safe

An dawo da durom-durom ɗin rini. Suna jere a farfajiyar baya, ruwan sama ya jiƙa takardun da ke manne a jikinsu. Masu tawada sun ce rawaya suka saya, ruwan goro aka kai musu, ba za su karɓa ba.

Ni aikina awo ne. A ɗebo mini samfuri daga durom, in tsarma shi da ruwa, in zuba a 'yar kwalbar gilashi, in sa a injin awon haske. Injin ya haska shi, ya zana mini layi mai tudu ɗaya, wato inda rinin ya fi shan haske. Tun da na zo kamfanin nan tudun wannan rinin a cikin shuɗi yake tsayawa. Ya shanye shuɗin, abin da ya rage ido ya gan shi rawaya. Yau tudun ya gusa dama, ya doshi kore. Na sake ɗebowa na sake aunawa, yana nan inda ya koma. Na rubuta abin da na gani, na sa hannu.

Ba ni na haɗa shi ba. Sanƙo ne mai haɗi.

Litinin, da yamma

Ban ci abincin rana ba. Ba don wannan ba.

Talata, da hantsi

Sanƙo ya sauko ɗakin gwaji da kansa, abin da ba ya yi. Shi ne babban masanin haɗi na kamfanin, ofishinsa a sama yake, mai taga. A watana na farko ya tambaye ni a gaban mutane ko a jami'armu akwai injuna, ko kuwa zana mana su ake yi a allo. Aka yi dariya, ni ma na yi. Har yau bai riƙe sunana ba, "abokina mai awo" yake ce mini.

Ya ce injina ne ke ƙarya. Na ce ya zauna. Na daidaita injin a gabansa, na auna tsohon samfurin da muke ajiyewa don kwatance, tudu ya tsaya a shuɗi. Na auna na durom, ya tafi dama. Ya daɗe yana kallon allon, hannunsa a kan ƙeyarsa. Da zai fita ya ce in riƙa goge teburina.

Teburin da ƙura, wannan kam gaskiya ne.

Laraba, bayan taro

Manaja ya tara mu a ɗakin sama. Ya tambayi ko an sauya wani abu a haɗin. Da Sanƙo ya yi shiru babu mai sani, amma sai ya ce eh, ya rage lokacin dafawa a tukunya, don ya ga tsohon lokacin ɓata wuta ne kawai. Bai gaya wa kowa ba, saboda a ganinsa babu wanda zai gane ko ya faɗa. Haka ya faɗe shi, da bakinsa.

Na ga Manaja ya gyara zama.

Zargin yana da ma'ana. Ƙwayar rinin nan sarƙa ce ta kabon, ilektoron na kai da komo a kanta kamar yara a lungu. In lungun gajere ne, haske mai ƙarfi kawai ke iya motsa su, irin shuɗi. In ya yi tsawo, mai rauni ma ya isa, sai tudun ya gusa wajen kore, ido ya ga ja-ja. Wanda ya sauya lokacin dahuwa zai iya fito da wata sarƙar da ba ita aka nufa ba. Kowa a ɗakin ya san haka, Sanƙo ya fi kowa sani.

An ce ya zauna a gida har kwamiti ya zauna, Litinin ta sama. Awona ne hujjar.

Alhamis, da rana

Manaja ya kira ni. Ya ba ni kujera, ya tambayi iyali, ya ce yaran sun girma ko. Sannan ya ce kujerar sama ba za ta zauna babu kowa ba, kuma shi ba ya son ɗauko baƙo daga waje alhali ga ɗan gida. Yau ni ne ɗan gida.

Ya san abin da yake faɗa. Mai matsayina ba a ba shi izinin kawo iyali ƙasar nan, mai matsayin Sanƙo ana ba shi. Na taɓa zuwa masa da wannan maganar, ya ce in yi haƙuri, ba shi ya yi dokar ba.

Bai ce in yi ƙarya ba, in yi masa adalci. Babu ma ƙaryar da zan yi. Abin da injin ya nuna shi na rubuta.

Alhamis, da magariba

Direba, wanda muke haya tare, ya same ni ina wanke kwanukan da shi ya ɓata. Ya ce lafiya, ko na yi tsuntuwa ne. Na gaya masa kaɗan.

"Kai, Dakta! Ashe kallon ruwan kala ma yana kai mutum sama. Ni da nake kallon fitilar titi tana sauya kala kullum, wa ya taɓa ƙara mini girma?"

Ya ce in iyali sun zo shi ba zai tashi ba, a ajiye masa falo a matsayin kawun yara. Na ce kawun da ba ya wanke kwano ba ma so.

Juma'a, da yamma

Maman yara ta kira ina tsakar tsarma samfuri. Ban yi niyyar gaya mata ba sai komai ya tabbata. Amma na ji yadda ta yi sallamar, irin ta kwanakin nan, a taƙaice, kamar mai karɓar kuɗin wuta, sai kawai na faɗa.

Ta tambayi wane wata za su zo. Ta tambayi ko akwai makaranta kusa, ko babbar za ta maimaita aji, ko ana samun allurar keken ɗinki irin tata. Rabon da ta jera mini tambayoyi haka na manta. Ba ta ta da waccan maganar ta komawa gidan iyayenta ba, ni ma ban ta da ita ba.

Na kashe fitila na fito ban kammala aikin ba. Sai a mota na tuna na bar kofin samfurin a buɗe a kan tebur.

Asabar, da rana

Na tsaya a gaban shagon dillalan gidaje na karanta hotunan da ke jikin gilashi. Akwai mai ɗaki biyu da falo kusa da layin jirgin ƙasa. Ban shiga ba.

Lahadi, da yamma

Yaya ya kira. Ya ce labari ya kai wa mahaifin Maman yara, tsohon ya ce to, zai dakata da zuwan da ya ce zai yi ya ɗauke ta da yaran. Yaya ya ce in gode wa Allah, in kuma daina taurin kan nan nawa, don bai san sau nawa zai ƙara zuwa ya durƙusa a zauren mutane saboda ni ba. Na ce to, Yaya. Ya ce "to" ɗin nan tawa ya san ta.

Litinin, da safe

Abin da ke cikin kofin da na bari a buɗe ya koma rawaya.

Ba tas ba, da sauran ja kaɗan, amma rawaya. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallonsa. Na sa shi a injin, tudun ya dawo hagu, saura ƙiris ya kai mazauninsa.

Ƙwayar da aka haɗa ba daidai ba ba ta gyara kanta don an bar ta ta huta ƙarshen mako. Abin da kawai ya shiga kofin nan iska ce, iska kuwa in ta daɗe a kan ruwa tana ɗan tsama shi.

Na rufe ƙofa. Na ɗebo sabon samfuri daga durom, ruwan goro. Na ɗiga masa asid, ya zama rawaya nan take, rawaya mai kyau, irin wadda masu tawada suka saya. Na ɗiga soda, ya koma ruwan goro. Na sake ɗiga asid, ya dawo. Na yi ta yi kamar yaro ya sami makunnin fitila.

A bakin sarƙar akwai ƙwayar haidurojin guda, tana zaune kamar ƙyaure a ƙarshen lungu. Soda tana fizge ta. In ta tafi lungun ya buɗe, ilektoron su sami ƙarin fili, tudun ya gusa. Sarƙar ita ce dai, babu abin da ya same ta. Ruwan da take ciki ne ya sauya. Na tsoma takardar gwajin tsami a samfurin durom, ta nuna soda.

Al'adar gidan nan ita ce a auna tsami a tukunya, can wajen Sanƙo, a auna launi a durom, nan wajena. Babu wanda ya taɓa tsoma takarda a durom, don durom kullum a wanke yake zuwa. Haka na tarar ana yi, haka nake yi.

Rinin Sanƙo lafiyarsa ƙalau.

Na zubar da komai, na wanke kofunan, na kife su.

Talata, da yamma

An kawo samfuri daga sauran durom-durom. Tudun yana dama. Na rubuta yana dama.

Laraba, da rana

Na zagaya baya wajen masu wankin durom, kamar mai shan iska. Babbansu yana zaune yana shafa mai a hannu, yatsunsa duk sun tsage. Na tambayi abin da ya same shi. Ya ce tun da Manaja ya hana wanki da tururi, wai yana cin wuta, ya kawo musu soda, hannun kowa haka yake. Ɗauraya kuma sau ɗaya aka ce su yi, ruwa ma ba kyauta ba ne. Ya tambaye ni ko a ɗakin gwaji muna da wani man da ya fi wannan. Na ce zan duba masa.

To, na sani ke nan har ƙarshe. Da ban zagaya ba ma ya fi.

Alhamis, da hantsi

Sanƙo ya zo, da rigar gida, bai yi aski ba, in dai za a kira abin da ke gefen kunnensa gashi. Mai gadi ya bar shi ya shigo don ya ce kofin shayinsa ya zo ɗauka. Bai hau sama ba, wajena ya zo.

Ya baza takardu a teburina, duk zanen ƙwayoyi da hannunsa. Kwanakin nan a gida yana ta lissafin wace sarƙa ce ya haɗa bisa kuskure har tudun ya tafi can. Wannan ta yi tsawo da yawa, da shunayya za ta ba da. Wannan ba za ta narke a ruwa ba. Wannan ta yi kusa, amma ba ta kai ba. Zanensa yana da kyau, ban taɓa musun ya iya aikinsa ba.

Ko sau ɗaya bai kawo durom a ransa ba. A wajensa babu abin da zai iya taɓa rininsa a duniya sai hannunsa. Ko laifi ne, nasa ne shi kaɗai, ba zai raba shi da masu wanki ba.

"Abokina mai awo, kai da kake kallon layin nan kullum, wacce ka gani ta fi kama da shi?"

Karo na farko ke nan da ya tambaye ni wani abu da ba lokaci ba. Na nuna ta ukun. Ya ce shi ma haka ya zata, amma bai yi tsammanin zan gane ba.

Ya ce ranar Litinin ba zai wahalar da kowa ba, zai ce shi ne, ya ajiye aiki. A shekarunsa babu mai ɗaukarsa kuma, ya sani, amma ba zai tsaya yara suna yi masa tambayoyi ba. Ya tattara takardunsa. Ya manta da kofin shayin.

Juma'a, da yamma

Maman yara ta ba ƙanwarta keken ɗinkinta, ta ce ba zai shiga jirgi ba. Auta ya karɓi wayar ya ce, Baba, can akwai kare? Na ce akwai, amma a ɗaure suke. Ya ce a ɗaure masa ɗaya kafin ya zo.

Auta bai san ni ba sai a waya. Muryata ya sani, da rabin fuskata, don kullum ba na iya riƙe wayar daidai.

Asabar, da rana

Na gaya wa Direba duka. Yana cin abinci, bai daina ci ba. Ya tambaye ni ko ni na zuba sodar. Na ce a'a. Ko ni na rage wutar tukunya. A'a. Ko na rubuta abin da injin bai nuna ba. A'a. Ya ce to ina ruwana.

"Dakta, tun da muka zo ƙasar nan wa ya taɓa tsayawa ya ce a duba, kada a zalunci wannan baƙon? Shi mai sanƙon in kai ne a ramin, wallahi ko leƙe ba zai yi ba. Sai dai ya ce ka goge tebur kafin ka faɗa."

Ban musa ba, haka ne. Ya ce tsohon ya ci zamaninsa, gidansa nasa ne, 'ya'yansa sun yi aure, ni kuwa nawa gidan a kan zare yake. Wannan ma haka ne. Duk abin da Direba ya faɗa yau gaskiya ne, ban taɓa jin ya jera gaskiya da yawa haka a zama ɗaya ba.

Daga baya ya ce shi dai ya san ni, in zan yi haukan in yi, amma kada in dawo ina wanke masa kwanuka da fushi, ina fasa su.

Lahadi, da safe

Na goge takalmi. Na guge farar riga.

Lahadi, da yamma

Ta kira, ban ɗauka ba. Ta sake kira. Na rubuta mata cewa ina kan hanya.

Ina zaune a bakin gado.

Litinin, bayan kwamiti

Na hau sama da tire: kofuna, samfurin durom, kwalbar asid, kwalbar soda, takardar gwaji. Sakatariya ta zaci shayi na kawo.

Mutum biyu daga babban ofishi, Manaja, Sanƙo a ƙarshen tebur da kwat. Aka ce in karanta awona. Na karanta, daidai yadda yake. Sannan na ce akwai abin da ba a auna ba. Na zuba samfurin, na ɗiga asid. Na ɗiga soda. Na sake ɗiga asid. Na tsoma takarda a sabon samfuri na miƙa wa na babban ofishi, na ce soda ce, daga wankin durom, tun da aka daina tururi. Ban kalli Manaja ba. Ban ce wane ne ya ba da umarnin ba, su suka tambaya, shi ya amsa.

Ɗaya daga cikinsu ya ce yaushe na gano. Na ce Litinin da ta wuce. Ya rubuta. Bai tambayi me ya sa sai yau ba, ya dai ɗaga ido ya dube ni, sannan ya dubi Manaja.

Sanƙo ya taso ya karɓi kofin ya ɗaga shi wajen taga. Ya daɗe a haka. Da ya juyo sai ya ce mai awon da ya san aikinsa ranar farko zai tsoma takarda.

Na ce haka ne.

Talata, da rana

Sanƙo ya koma ofishinsa. An ba shi gargaɗi kan rage wuta ba da izini ba, ya ce zai sa shi a firam ya rataye a bango. An dawo da tururi. Ana gyara durom-durom ɗin da asid, masu tawada sun ce a kawo.

Na haɗu da Manaja a matakala. Ya kalli wayarsa har muka wuce juna.

Babban masu wanki ya aiko a tuna mini maganar man hannu. Na aika masa.

Laraba, da magariba

Na kira ta. Na faɗa mata daga farko, da kofin, da sodar, da tsohon da zanensa. Na yi ta bayanin haidurojin fiye da yadda ake bukata, ta bar ni na gama.

Ta tambayi ko mutumin ya san abin da na ba shi. Na ce bai sani ba. Ko ya gode. Na ce ba irinsa ba ne. Ko akwai wata kujerar. Na ce babu a yanzu. Ina jin Auta a bayanta yana rigima da yayarsa kan wani abu, ta ce su fita waje.

"Baban yara, tun ranar Lahadi da ka ƙi ɗaukar waya na san akwai abin da za ka yi, na kuma san irinsa. Ban ce ka yi laifi ba. Da ka yi shiru ma ban san da wane ido zan dube ka ba. Amma ni na gaji da zama matar mutumin kirki a waya."

Ta ce jibi mahaifinta zai zo ya ɗauke su. Makullin gidan za ta bar wa Yaya. Yara zan iya kiransu duk lokacin da na so, ba za ta hana ba.

Na ce to.

Alhamis, da safe

Samfurori na jira a kan tebur. Na fara da na hagu.